Yaya Illa Canji, Mutumin da Ya Sayar Mini da Talabijin Ya Biyo Ta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin karyawa babban ɗansa ya kira ni, wai Yaya Illa ya rasu.

Har yanzu kokon yana nan a kofi, ban ƙarasa ba.

Yaran yanzu ba za ku san shi ba. Amma duk wanda ya yi aiki a masaƙun Bompai a shekarun tamanin ya san Illa Canji. Mutumin Maraɗi ne, dogo, mai wushirya. Inji ɗaya muke tsarewa ni da shi, kuma gida ɗaya muke haya a Dakata. Ranar da na fara aiki, shi ya cusa mini auduga a kunne saboda ƙarar inji, ya ce, "Ƙanena, adana kunnen nan, akwai kiɗan da za ka ji da shi."

Ba a banza aka sa masa Canji ba. Yaya Illa ba ya riƙe kayan kiɗa su tsufa a hannunsa. Da garmaho na same shi. Ana tashi cin abincin rana sai ya shimfiɗa buhu a bakin get, kusa da mai shinkafa da wake, ya jera fayafayan da ya gaji da ji yana sayarwa. Sai da suka ƙare tas, garmahon ma ya bi su, ya sayo rakoda mai cin kaset biyu. Daga rakoda ya tara kaset, ya sayar da rabi, ya sayo talabijin baƙi da fari.

Da wannan rakodar ya ɗauki muryar Innata lokacin da ta zo ganina daga ƙauye. Tana ta faɗa wai an kamo mata murya an sa a akwati. Yau ba ta duniya, amma muryarta tana ɗakina.

To sai maganar bidiyo ta taso.

Wani injiniya baƙo a kamfaninmu zai koma ƙasarsu, yana sayar da kayan gidansa, ciki har da na'urar bidiyo da finafinan Indiya da na 'yan kareti. Ya ce wanda ya fara cika kuɗin kafin Asabar shi ke da ita. Sufabaizanmu ma yana so. Yaya Illa ya daina cin abincin rana, sai ciniki. Kaset suka tafi, rakoda ta tafi, har na'urar gem ɗin da yaransa ke buga ƙwallo a talabijin da ita ya kai wa wani direban tirela. Duk da haka bai kai ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya same ni.

"Sule, ba aure za ka yi ba? Amarya ba ta shiga ɗakin da babu talabijin."

Na ce, "Yaya, ku kuma fa?"

Ya ce, "Kai dai saya."

Na saya.

Matarsa Yaya Hadiza ta yi fushi na gaske. Ta ce an raba ta da kaset ɗin da take shara da su, an raba yara da wasansu, yanzu kuma an ɗauke talabijin. Ranar ko sannu da zuwa bai samu ba.

Asabar da la'asar sai ga shi ya turo keke, bidiyo a ɗaure a baya cikin bargo kamar jariri. Duk gidan aka fito. Ya ajiye ta a tsakar gida yana ta murmushi. Yaya Hadiza ta zagaya ta, ta leƙa gaba, ta leƙa baya.

"To Malam, ta ina mutanen za su fito?"

Yaya Illa ya sungumi abarsa ya nufo ƙofata, ya yi sallama.

"Sule, na kawo wa talabijin ɗinka miji."

Wallahi Yaya Hadiza dariya ta yi har da zama a ƙasa. Fushi ya ƙare a nan.

Tun daga ranar, kowace Lahadi nakan fito da talabijin, shi ya fito da bidiyo, a haɗa a inuwar zaure. Maƙwabcinmu Bulus, mutumin Kafanchan, ya dawo daga coci ya zauna da kayan cocinsa. Babu mai jin yaren fim ɗin, amma Yaya Illa ne tafinta. Abin da ya ga dama yake fassarawa. Fim ɗaya, yau jarumin ɗan sarki ne, mako mai zuwa ya zama mai gadin kamfani.

Da aka rage ma'aikata, sunansa ya fito, nawa bai fito ba. Na je ina kame-kamen abin da zan ce masa. Ya ce, "Kai, bar wannan fuskar. Ni da na iya sayar da tsohon kaya?" Ya kafa tebur a bakin titi, yana sayen tsofaffin kaset da finafinai yana sayarwa. Da teburin nan ya yi wa yaransa makaranta.

Ganina da shi na ƙarshe watan jiya ne, a gidan ɗansa a Zawaciki. Ƙafa ta kumbura, amma bakin yana nan. Na hana shi rakiya, ya ƙi, ya dogara sanda har bakin ƙofa. Ya tsinko gwaiba a bishiyar gidan ya zuba mini a aljihu.

"Ka kai wa matarka Larai. Kuma in za ka dawo ka zo da ita, kada ka sake zuwar mini kai kaɗai kamar gwauro."

Wannan Asabar ɗin muka shirya zuwa. Larai har ta soya masa gyaɗa.

Allah ya jiƙan Yaya Illa, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya faranta wa gidan haya guda rai, Allah ya faranta masa a Aljanna Firdausi. Allah ya ba Yaya Hadiza da yara haƙuri.

Don Allah wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya yi masa addu'a. Wanda kuma ya taɓa zama a zauren nan na Dakata, ya sanar da sauran. Bayan azahar za a kai shi.