Ranar Da Aka Amsa Sallamar Baba a Bakin Teku

Jama'a, wannan labari ba ji na yi ba, ba kuma a telefo aka turo mini shi ba, ni ne dai da ƙafafuna da idanuna, kuma duk wanda ya san ni ya san mutum ne ni mai gardamar tsiya, ko cewa aka yi ana ruwa a waje sai na leƙa taga. Wallahi tallahi haka abin ya faru. Shekarun baya ne, lokacin na gama karatu a Villeurbanne na samu aiki cikin Lyon a Faransa, ina zaune a wani ɗan gida mai ɗaki biyu kusa da inda taram, jirgin ƙasan cikin gari, ke wucewa.

A shekarar ne muka ɗauko mahaifinmu daga Madarunfa, can kusa da Maraɗi, aka yi mishi aiki a ciki. Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi, sai dai tun da aka sallame shi Baba ya ɗaura yaƙi da abinci. Shinkafa ya ce ba ta wucewa, nama ya ce warin magani yake ji, tuwon da na zage na tuƙa da hannuna kuwa ya dube shi ya dube ni ya ce, "Auta, Allah ya ba ka mata." Mutum yana ta ramewa har agogonshi ya riƙa zamewa zuwa gwiwar hannu. Likita ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye, in bai fara cin abinci ya yi ɗan kumari ba, ba za ta yarda ya hau jirgi ba, asibiti ma za ta mayar da shi. Shi kuwa ba abin da yake so a duniya irin ya koma gida. Na ji tsoro, tsoro na gaske, kar in kawo tsoho ƙasar mutane ya ƙare a hannuna.

Baba masunci ne tun yana yaro, a tabkin Madarunfa ya tsufa, saboda haka muka ce bari a gwada kifi. Yayata Hadiza tana aure a Sevran, wajen Paris, mijinta Malam Isufu kuma aikin ɗaukar kaya yake a kasuwar Rungis, ɓangaren kifi ma kuwa. Ta hau jirgin ƙasa ta zo mana da akwatin sanyi cike da kifi, irin wanda ko ni ban taɓa sayen kamarshi ba. Baba ya ɗaga murfi, ya danna ɗaya da yatsa, ya mayar ya rufe. Ya ce, "Kifin da ban ji shi yana harbi a hannuna ba, ba ya shiga bakina." Yaya ta ce, "Haba Baba, nan fa Faransa ce!" Ya ce to sai me, Faransa ba ruwa ne?

Malam Isufu ne ya ba mu dabara a telefo. Ya ce akwai wani kifi da suke kira dorad, duk lokacin zafi yana kwance cikin manyan tabkunan ruwan gishiri da ke gefen teku can kudu, yana ci yana ƙiba. In kaka ta yi, wajen Oktoba, iskar arewa ta buso ruwan tabki ya yi sanyi, sai su taso gaba ɗaya su nufi teku, don ita ba ta saurin hucewa. Kuma a wani gari da ake kira Sète, hanyar tasu siririya ce, ta tsakiyar gari ta bi, mutane sai su jera a baki da fatsa. Baba, wanda rabonshi da ya zauna da kanshi an kwana biyu, sai ga shi ya miƙe zaune. Ya ce, "Ai haka na gulbi ke yi in ruwa ya fara janyewa. Auta, tashi mu tafi."

Ran Asabar da sassafe na ari mota, na sayi fatsa biyu da bokiti, muka kama hanya. Yaya ta ce ita za ta tsaya ta haɗa yaji, in mun ga dama mu dawo mata hannu rabbana.

Muna isa na ga ba alamar kifi. Rana ƙwal, zafi kamar ba kaka ba, ruwa kwance shiru ko ganye ba ya motsi. Masu fatsar da aka ce suna cika wurin, 'yan tsiraru muka tarar, su ma hamma suke. Kusa da inda muka sauke kaya akwai wani dattijon Bature mai tumbi da malafa, mutumin kirki, shi ya nuna mini yadda ake soka ƙaramar ƙaguwa a ƙugiya, don ita kifin ke so. Amma ya ce mini mun yi sammakon banza, bana zafi ya ƙi tafiya, ruwan tabki da ɗuminshi, kifi ba inda za shi. Ya nuna mini telefo ɗinshi, babu iska har ƙarshen mako mai zuwa. Ban fassara wa Baba wannan ba.

Baba ko a jikinshi. Ya tuɓe takalmi, ya sauka matakalar dutse a hankali ina riƙe da shi, ya ɗebi ruwa a tafin hannu ya kai baki, ya furzar ya ce, "Kai! Wace marar hankali ta zuba gishiri haka?" Sannan ya gyara hula, ya yi bisimilla, ya yi abin da masuntan garinmu ke yi duk sa'ad da suka je baƙon ruwa. Ya ɗaga murya ya ce, "Salamu alaikum masu wuri. Baƙi ne, abin kaiwa baki muka zo nema, ba ɓarna ta kawo mu ba."

Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "Baba, ruwan nan fa Faransanci yake ji."

Ban rufe baki ba aka ce, "Wa alaikumus salamu. Maraba da baƙi."

Na waiwaya. Wata tsohuwa ce zaune a matakalar da ke gefenmu, can ƙasa, ƙafafunta cikin ruwa, da baƙin zane na saƙi irin wanda rabona da ganinshi tun kakarmu na da rai. Na rantse da Allah da muka zo ban lura da kowa a wurin ba, amma ban ji tsoro ba ko kaɗan, murna ma na yi, don ƙasar nan ba lungun da ba za ka tsinci Bahaushe ba. Suka shiga gaisuwa da Baba, ina gajiya, ina iyali, yaya jiki, doguwar gaisuwa irin ta mutanen da, kuma Hausarta tsaf, babu Faransanci ko kalma ɗaya. Can ta ce, "Yaya ka baro mutanen Madarunfa?" Na ce a raina wataƙila maganarshi ta ji ta gane.

Sai ta yi murmushi ta ce, "To baƙo bai zo da tsaraba ba?"

Akwai wani jan goro guda da Baba ya zo da shi tun daga gida, na ƙarshe, yana naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma yana ta lallaɓa shi, ya ce sai ranar da zai hau jirgin komawa zai ci. Ko ni ba ya bari in taɓa. Wallahi ko jinkiri bai yi ba, ya ciro ya ba ni ya ce in miƙa mata. Na sauka na sa mata a hannu, da hannu biyu, na ji tafinta sanyi ƙarara kamar an ciro shi daga firigo, na ce ai ruwa ta taɓa. Ta yi godiya ta ce, "Ku yi la'asar tukuna. Kar ku yi gaggawa."

Muka zauna. Rana ta take, rana ta karkata, ko ƙwaro bai taɓa mana fatsa ba. Mutane suna ta naɗe kaya suna tafiya. Ni zuciyata ta gama cika, ina kallon Baba yana gumi, leɓenshi ya bushe, ina zagin kaina da na wahalar da marar lafiya a banza. Muka yi azahar, muka yi la'asar a gefen mota. Muna dawowa Baba ya jefa fatsa, ko zama bai gyara ba sai kan sandar ya lanƙwashe.

Kai jama'a! Na miƙa hannu amma ya ƙi in kama mishi, ya ja, ya saki, ya ja, har ya fito da shi. Kifi ne mai faɗi kamar babbar karfasa, fari fat yana walƙiya, da wani zane ruwan zinari tsakanin idanunshi. Na yi ihu, na yi tsalle, har na fara laluben lambar Yaya. Baba ya riƙe shi yana harbi a hannunshi, yana dariya, dariyar da rabona da jin ta tun kafin ya kwanta. Sannan ya zare ƙugiya a hankali, ya sunkuya, ya sake shi cikin ruwa.

Na ce, "Baba! Me ka yi haka?"

Ya ce, "Na farko a baƙon ruwa ba a cin shi. Na masu wuri ne."

Ranar na ɗaga wa mahaifina murya, Allah ya yafe mini. Na ce wuni guda muna gasuwa, kifi ɗaya tak Allah ya ba mu, shi ne maganinka, shi ne jirginka na komawa gida, ka mayar? Hawaye ne suka zubo mini don takaici. Baturen nan ya dafe kai da hannu biyu yana surutai. Tsohuwa kuwa dariya take ƙasa-ƙasa, har na ji haushinta ita ma. Sai na ji ta ce wa Baba, "Ka san hanya. In ka koma ka gaishe su."

A daidai nan malafar Bature ta tashi sama ta faɗa ruwa.

Iska ce, mai sanyi, daga arewa, ta zo gaba ɗaya ba ko gargaɗi. Ruwa ya yamutse, kuma kafin mu farga sai ga shi ya yi duhu da kifi, suna tururuwa suna nufar teku. Bature yana ja yana ihu yana ce mini wannan ba daidai ba ne, ai sai iska ta kwana tana busawa kafin su motsa, shi tun yana yaro yake wurin nan bai taɓa ganin haka ba. Mutane suka riƙa fitowa daga gidaje a guje, wani da silifa, wani da burodi a baki, aka jera kafaɗa da kafaɗa, zare yana sarƙewa da zare. Baba yana tsakiyarsu yana ba da umarni da Hausa, "Kai mai jan wuya, sassauta mishi! Ja yanzu!" su kuma suna amsa mishi da Faransanci, kowa na dariya, wallahi kamar suna jin juna. Ni da ban taɓa kama ko ɗan ƙaramin kifi ba sai da na kama. Da bokiti ya cika Baba ya naɗe fatsa ya ce ya isa haka, a bar wa wasu.

Na juya in yi wa tsohuwa sallama, in kuma ba ta haƙuri, ba kowa a matakala. Na tambayi Bature ko ya ga inda tsohuwar nan ta bi. Ya ce wace tsohuwa? Ya ce shi dai tun safe yana ganin mahaifina yana hira da ruwa, ya ɗauka addu'a ce irin tamu, ya kuma ga na sauka na saki wani jan abu cikin ruwa, ya zaci abincin kifi ne. Na ce a'a, a hannu na sa mata. Ya dube ni ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da jan kifinshi. Baba ya ce in bar tambaya in ɗauko bokiti.

Washegari da hantsi Yaya ta soya na farko a Lyon, ta barbaɗa yaji. Baba ya ci, ya suɗe yatsu, ya ce a ƙaro. Ya ci na biyu da tuwo, tuwon Yaya ba nawa ba. Ita tana juya kifi a kasko tana kuka tana dariya, ni kuwa na kira Malam Isufu na riƙe mishi telefo don ya ji ƙarar taunar Baba. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Muna cikin haka Yaya ta ɗauko mafi girma a cikinsu ta farke ciki, sai na ji wuƙa ta faɗi ƙasa. Ta ce, "Auta, zo ka gani." Ɓarin jan goro ne a ciki, an fasa shi daidai tsagarshi, sabo garau, ko ƙwarzane babu. Kifin da ke murƙushe ƙaguwa da haƙori, a ce ya haɗiye goro bai taɓa shi ba? Baba ya karɓa ya wanke, ya juya shi a hannu ya ce, "Mai mutunci ce. An ba ta goro ta fasa ta maido rabi, ai haka ake yi." Ya naɗe shi cikin tsummanshi ya ce a ƙaro mishi kifi.

Kafin sanyi ya kankama Baba ya murmure, likita ta yarda, muka raka shi filin jirgi a Paris yana tafiya da ƙafarshi yana tsokanar jikoki. Bayan ya huta a gida na kira shi, muka gaisa, sai ya ce, "Na isar da saƙo." Na ce wane saƙo? Ya ce gaisuwar tsohuwar nan mana, ya je bakin tabki ya kai wa masu wuri, har da rabin goron. Na yi ƙarfin hali na ce, to me suka ce?

Ya ce, "Suna amsawa. Sun ce a gaida mai cewa ruwa Faransanci yake ji."

Ya tuntsire da dariya ya kashe telefo. Har yau ban sani ba ko zolayata yake, kuma ban sake tambaya ba. Ban ce muku aljana ba ce, ban ce mutum ba ce, Allah shi ne masani, kuma shi ya ba da kifi ya ba da lafiya. Na koma Sète kaka bayan kaka ban sake ganin ta ba, amma tafin hannuna bai manta da sanyin nan ba.

Ni dai shawarata, 'yan'uwa, duk ruwan da kuka je wanda ba ku sani ba, ko a ƙasar wa yake, ku yi bisimilla ku yi sallama kafin ku taɓa shi, kuma ku rage surutu a bakinshi. In kuwa kuka ji an amsa, kar ku gudu, ku gaisa da ladabi. Ni yanzu ba na zuwa bakin teku ba goro a aljihu.