Safara'u Mai Tsintar Gyaɗa

Safara'u 'yar garin Mabai ce, aure ya kai ta Sheme. Mijinta, Malam Rabo, manomi ne, ita kuma tun tana amarya take matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Da kuɗin fetur suka shigo ƙasa, motoci suka yawaita a hanya, sai ta kafa rumfa a bakin titi. Direbobi kan tsaya su sayi man gyaɗa a kwalba.

A shekarun nan ne kuma gyaɗa ta yi wuya. Fari ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya, abin da ya rage a kasuwa rabinsa ƙanƙararre ne ko mai fumfuna. Safara'u ta yi yadda kowace mace ke yi. Mai kyau ta tafi sana'a, tsintar da aka ware ta shiga miyar gida da kunu. Babu wanda ya ga aibu a wannan, tattali ne.

Malam Rabo ya fara ramewa bayan wata kaka. Idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura. Aka ce shawara ce, aka sha sassaƙe, wasu suka ce sammu. Da aka kai shi asibiti, likita ya ce ciwon daji ne a hanta, kuma an makara. Ya rasu kafin damina.

Shekara ta zagayo, ran kasuwa, wani mutum ya tsayar da ƙaramar mota a gaban rumfarta. Sunansa Dakta Almu Barau, ɗan wani manomi Bamaguje daga Tafoki, yana bincike a jami'a a Zariya. Ba mai ya zo saye ba. Gyaɗa yake tarawa, tafi ɗaya daga nan, tafi ɗaya daga can, ya bi Ƙanƙara ya bi Sabuwa, kuma mummunar yake so. Safara'u ta tambayi dalili. Ya yi mata bayani a tsaye, cewa fumfunar gyaɗa tana da dafi wanda wuta ba ta kashewa. Abin da yake bincike shi ne yadda dafin ke shiga ƙananan ƙwayoyin hanta, ya ɓata tsarin da ke cikinsu, har su kama yaɗuwa ba tsayawa.

Sai ta ba shi labarin mijinta.

"To, Malam, gyaɗata ce ta kashe shi?" in ji ta.

"Ban sani ba, Inna," in ji shi. "Akwai wata cutar hanta da ke kawo irin wannan. Wataƙila ita ce, wataƙila su biyun. Ba zan ce maki abin da ban gani ba."

Ta auna masa gyaɗar, ta ƙi karɓar komai.

Daga ranar ba ta ƙara zuba tsinta a tukunya ba. Takan zauna da faifai ta bi gyaɗa ɗaya bayan ɗaya, abin da ta ware ta haƙa rami ta binne, ko kaji ba ta ba su. Abin da take matsa ya ragu, man nata ya fi na kowa tsada, wasu direbobin suka koma rumfar gaba. Maƙwabciyarta Mero ta ce takaba ce ta taɓa mata kai. Safara'u ba ta yi gardama da kowa ba. In an tambaye ta, ta faɗi abin da aka gaya mata, in ba a tambaya ba, ta ci gaba da tsinta.

Dakta Almu ya sake zuwa sau biyu, daga nan ya tafi ƙasar waje. An ce rubuce-rubucensa sun yi suna can, masu binciken ciwon daji suna kafa hujja da su, ya kuma yaye ɗalibai da yawa. Wasu daga cikinsu sun zo Sheme bayan shekaru, suka ɗebi gyaɗa, suka ɗebi jinin waɗanda suka yarda. Safara'u ta miƙa hannunta, ta kuma kawo 'yarta Zulaihatu.

Ta tsufa a kan sana'arta. Da idonta ya raunana, Zulaihatu ta karɓi rumfar, tana tsinta yadda ta taso ta gani. Mata biyu ko uku a unguwar sun ɗauki ɗabi'ar. Sauran suna yi yadda suka saba.