Inna Kulu Mai Daɓe da Gasar Dutsen Guga

Mai son ganin Inna Kulu a gidanta na 'Yandoto sai ya yi sammako, don rana ba ta saba iske ta a zaune ba. Tana idar da sallar asuba za ta leƙa randar da ta jiƙa makuba, ta tsoma yatsa ta ga ko ruwan ya yi jan da take so. Daga nan ta ɗauki madaɓinta, ta aza ƙwarya a ka, ta fita bakin titi jiran motar da za ta kai ta inda aka kira ta, yau Tsafe, gobe Wanke, jibi wani lungu a Gusau. 'Yan kamasho duk sun san ta, sun kuma san ba a aza mata madaɓi a saman mota tare da kaji. A cinyarta yake tafiya, wanda ya zauna kusa da ita shi ya san yadda zai yi da haƙarƙarinsa.

Sana'arta daɓe. Yaran da aka haifa a kan siminti sai an yi musu bayani: a shimfiɗa jar tsakuwa a ɗaki ko tsakar gida, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa su yi ta bugu da katako suna waƙa, ana bi da ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, har ƙasa ta daskare ta yi sheƙi. Inna Kulu ta fi shekara arba'in a wannan durƙuso. Ita ta daɓe ɗakin mahaifiyata tun ba a haife ni ba, kuma har yau in jikoki suka shigo da gudu sai a ji tim, sannan a ji kuka.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba game da wannan sana'a. Mai daɓe ita ce ta ƙarshe da ke ganin abin da ke ƙarƙashin ɗaki kafin a rufe shi, kuma a kan abin da ta rufe amarya za ta kwana, mai jego ta kwantar da jariri. Saboda haka ba ƙarfin hannu kaɗai ake nema ba. Matar da aka taɓa zargin ta binne wani abu a ɗakin mutane, ko da sau ɗaya, ta gama shiga gidaje. Inna Kulu ta shiga gidajen da ba su ƙirguwa, ba a taɓa jin ko ƙis a kanta ba, sai ranar da zan ba ku labari.

Bana ta ajiye madaɓi, gwiwa ta ce ta gaji. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bara ne, a farkon 1998, Malam Mas'udu, malamin motsa jiki a wata sakandare a Gusau, ya je gidan abokinsa mai tauraron ɗan'adam, suka ci karo da wata gasa ta Turawan ƙasashen sanyi. Ƙungiya biyu ce daga ɓangarori masu hamayya, a kan fili na ƙanƙara. Ɗaya ya durƙusa ya tura wani dutse mai mariƙi, dutsen na sulɓi ya nufi wata da'ira, ga magidanta biyu da tsintsiya suna gudu a gabansa suna shara kamar suruka na bakin ƙofa, wani kuma daga can yana ta yi musu ihu. Duk falon aka kwashe da dariya, ban da Mas'udu. Shi abin da ya gani, sabuwar jiharmu ta Zamfara ta samu wasan da mutanen Sakkwato ba su taɓa ji ba balle su ce su suka koya mana.

Ƙanƙara dai a Gusau ba ta wuce wadda ake jefawa a zoɓo, don haka aka yafe ta. Dutse mai mariƙi kuwa ai muna da shi: aka bi masu wanki da guga aka aro dutsen guga na gawayi, aka ɗura masa yashi don ya yi nauyi. Tsintsiya ba ta yi wuya ba. Fili ne ya gagara, don simintin barandar makaranta duk ramuka ne, dutse na tafiya sai ya ci tuntuɓe ya kife. Nan Mas'udu ya tuna ɗakin kakarsa a Wanke, wanda Inna Kulu ta daɓe, inda suke zamiya da gindi suna yara. Ya hau babur sai 'Yandoto.

"Inna, daɓe nika so," in ji shi bayan an gaisa. "Dogo, awa daga nan zuwa bakin rijiya. Ba gini, ba ruhin kwano, a sarari."

"Wa za ya kwana bisa nai?"

"Ba kowa, Inna. Dutsen guga za mu turawa bisa, maza na shara gaba nai."

Ta ajiye abin da ke hannunta. "Maza na mi?"

"Shara, Inna."

"Ɗana, in dai maza za su duƙa su yi shara gaban jama'a, ni yi maka daɓen da ba ka taɓa gani ba. Ina son in ga wanga abu da idona kahin in mutu."

Ta kuwa cika alkawari. Ta kwaso matan da suke aiki tare, suka tare a wani fili bayan makarantar, suka yi ta bugu har mutanen unguwa suka haddace waƙoƙinsu. Da aka gama, na je na gani. Daɓe ne ja wur, sumul, dogo, in ka duƙa kana ganin inuwar hularka. Ita kanta ta ce tun da take ba ta taɓa yin mai kyansa ba.

Aka sa rana da bazara: Gusau mai masauki, Tsafe daga wannan gefe, Bungudu daga wancan, su biyun kuwa ko a ƙwallon ƙafa ba sa rabuwa lafiya. Mutanen Bungudu suka saka Yusha'u mai shayi a ƙungiyarsu, ba don ya iya komai ba, sai don shi ɗan Maraɗi ne, Mas'udu ya samu damar rubutawa a ƙyalle cewa gasar ta ƙasa da ƙasa ce. Aka zana da'ira da farar ƙasa, aka barbaɗa ƙaiƙayin gero don ƙarin santsi, aka ɗaure ragon da za a ba gwani a gindin dalbejiya. A nan gindin itacen Inna Kulu ta shimfiɗa tabarma ita da matanta.

Ba ta yi zuwan banza ba. Tsintsiyarmu gajera ce, sai an duƙa, ga gudu, ga santsi, ga ƙaiƙayi na shiga riga. 'Yan Gusau, waɗanda yawancinsu ma'aikatan ofis ne masu tumbi, su aka fara fitarwa. Ɗayansu ya yar da tsintsiya ya koma susa, ɗayan kuma saurayi ne da ya ƙi matsawa kusa da abokin shararsa, wai kada tsintsiya ta taɓa shi ya rasa matar aure. Matan gindin dalbejiya suka yi dariya har da riƙe ciki, Inna Kulu na ƙwala musu, "Ku duƙa da kyau! Haka anka koya maku gida?"

Aka zo karon ƙarshe, Tsafe da Bungudu, nan abu ya ɓaci. Duk dutsen da 'yan Bungudu suka tura sai ya tafi sak, ya kusa da'ira, sannan ya karkata gabas a hankali ya fice abinsa. Su kuwa Tsafe suna da wani Tajuddeen, bahago, wanda hannunsa bai taɓa tura abu ya tafi daidai ba. Ko a wajen gwaji mutane janye ƙafafu suke in ya durƙusa. Ranar sai dutsensa ya nufi 'yan kallo ta yamma, har an fara tsalle, sai ya yi kwana ya dawo ya zauna a tsakiyar da'ira. Ya sake, haka. Ya kuma sakewa, haka. Shi kansa Tajuddeen duba hannunsa yake yana mamaki.

Kyaftin ɗin Bungudu, Abdulaziz, saurayi ne mai saurin hawa. Ya yi jifa da tsintsiya ya nuna gindin dalbejiya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ku tsaya! Wagga tsohuwa ba mutunniyar 'Yandoto ta ba? Ƙasar Tsahe! Wallahi wani abu ta binne ƙarƙashin daɓen ga!"

Dariya ta ɗauke. Shi a ransa maganar rago yake yi. Amma a wurin akwai mutanen garuruwa uku, kowannensu yana da uwa ko mata ko ƙanwa da ke kwana a kan daɓen Inna Kulu, kuma kafin magariba maganar za ta riga su isa gida.

Inna Kulu ta miƙe, ta karɓi buta a hannun wani, ta taka har tsakiyar fili, ta tsiyaya ruwa. Ruwan ya ɗan tsaya, sannan ya kama hanya a hankali ya gangara gabas, daidai inda duwatsun Bungudu ke bi.

"Ni na karkata shi," in ji ta. "Kunka ce ba ruhi. Tun da nike ban taɓa daɓe wuri a sarari ban ba ruwa hanya ba, damana na tahe. Wa yac ce mani ku so kuke ruwa shi kwanta?"

Mas'udu ya dafe kai, don shi ne bai faɗa ba, bai ma san ana faɗa ba. Fili ya sake kaurewa da dariya, aka ce to a ci gaba, kowa ya riƙa karkata hannu irin na Tajuddeen. Har Abdulaziz ya sunkuya zai ɗauki tsintsiyarsa yana wani gunaguni mai kama da ban haƙuri. Sai Inna Kulu ta ce a kawo diga.

"Haba Inna," in ji Mas'udu, "ai kowa ya gani. Ga manyan baƙi zaune, a bari a ƙare wasa."

"Waɗanda ad nan sun ga ruwa. Matan da ke cikin gida ba su gani ba, ji za su yi an ce an ce. A tona shi duka, gaban kowa."

Ta miƙa wa Abdulaziz digar da hannunta. Ya ɗaga ya sara, diga ta yi tsalle ta dawo, ko gezau. Ina kusa da ita a lokacin, na ga ta kawar da kai a sara na farko, kuma wallahi tausayinta ya kama ni, don na san abin da wannan daɓe yake a wurinta. Bayan nan ba ta ƙara kawar da kai ba. Da Abdulaziz ya jiƙe sharkaf, 'yan ƙungiyarsa suka karɓa, can 'yan Tsafe suka shiga, har Yusha'u na Maraɗi ya samu abin da ya iya. Duk inda suka so tsallakewa sai ta nuna da ƙafa: "Ga wuri nan kun bari. Kada gobe a ce nan ne." Ba ta bar su ba sai da fili ya koma kamar gonar da aka yi wa kaftu. Tsakuwa ce ja tun daga farko har ƙarshe.

Gasa dai ba ta yi gwani ba. Ragon aka yanka aka raba uku, aka yi rigima a kan wa zai ɗauki kai. Masu guga suka zo suka karɓi kayansu duk gindin ya karce, aka yi makonni manyan ma'aikatan Gusau na zuwa ofis da zane-zane a bayan riga. Daga ranar ba wanda ya ƙara tura dutsen guga a Zamfara sai a kan tufa.

Bayan damina, Hajiya Mairo, mahaifiyar Abdulaziz, ta shiga mota tun daga Bungudu har 'Yandoto. Ba ta aiko ba, da ƙafarta ta zo. Ta ce ɗanta zai yi aure, kuma ba wadda za ta rufe ƙasan ɗakin amaryarsa sai Inna Kulu. Inna Kulu ta je ta yi, Abdulaziz ne ma ya yi ta ɗebo mata ruwa.

Inna Kulu, ke ce kika durƙusa shekara da shekaru don wasu su taka wuri mai kyau. Ke ce kika sa aka farfasa aikin da kika fi so a duniya, don kada wata mata a Tsafe ko Wanke ko Bungudu ta kwanta a ɗakinta tana tunanin abin da ke ƙarƙashin tabarma. Gwanar madaɓi, mun gode. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya saka miki da aljanna. Ku kuma da aka ba amanar abin da ido ba ya gani, mai gini da mai haɗa magani da mai ɗaure kaya a buhu, ku yi aikin da in an ce a tona, ku da kanku za ku miƙa diga.

Makon jiya na je 'Yandoto na iske ta a zaune, karo na farko, ta miƙe ƙafa a kan daɓenta. Na ce mata zan rubuta labarinta a jarida, me take so in faɗa wa mutane? Na zaci za ta ce in ambaci yawan gidajen da ta yi wa aiki. Ta shafa ƙasa da tafin hannu, sannan ta ce, "Ka rubuta sun tona duka, ba su iske komi ba."