Rediyon Sanƙo Mai Aski

Sanƙo mai aski ne ya fara gaya min akwai rediyon da ke jawo magana daga bayan teku. Rubuta Sanƙo, jikalle, haka kowa ke kiransa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana aske kawunan mutane, shi nasa kan ko tsinke babu.

Shagonsa na jikin rumfar da nake facin keke. Kujera ɗaya, benci, madubi mai tsaga a gefe, sai rediyon a kan kanta. Ke ba ki san irinsa ba. Akwatin katako ne, sai mutum biyu ke ɗaga shi, cikinsa akwai wasu 'yan kwalabe da ke yin ja in ya sha wuta. In ya buɗe baki, murya cike take fitowa, kamar mai maganar na zaune a bencin. Ya taɓa faɗowa, siminti ne ya ji ciwo. In zaren da ke jan allurarsa ya tsinke, wurin tela muke karɓo wani.

Amma tsoho ne mai rigima. Ka kunna shi, sai an aske rabin kai kafin ya yi gyaran murya. Ya kama tasha, yana ɗaukar zafi tana zamewa, sai Sanƙo ya miƙa hagu ya murɗa kaɗan, aska na dama a wuyan mutum. In kuwa mai walda na ƙetaren titi ya tayar da injinsa, ba ka jin komai sai ƙara, ka ce ruwa a kan kwano.

Akwai guntuwar waya a bayan rediyon. Wata rana Sanƙo ya lura in mutum ya riƙe ta, murya na ƙara fitowa. Daga nan ya kafa doka: wanda layi ya zo kansa, shi ke riƙe waya har a kira shi kujera. Babba da yaro, har hedimasta ya riƙe.

A ƙarƙashin kantar nan Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta girma, tana sa mataji a baki tana kwaikwayon masu labarai. Ta yi karatu, ta yi nisa, har wata tasha a can wata ƙasa ta ɗauke ta aiki. Sai ga saƙo: ran kaza bayan la'asar za ta fara karanta labarai. Sanƙo ya ce ko duniya za ta tashi, sai ya ji 'yarsa da kunnensa.

Zumuɗi ya sa ya kunna rediyon tun hantsi, wai ya shirya. Kafin la'asar akwatin ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu, tasha sai gudu take. Ga mai walda yana ta aiki.

Sanƙo ya tsallaka. "Maƙwabci, zo in gyara maka gemu."

"Shekaranjiya fa ka aske ni. Bai ko fito ba."

"Yana hanya. Zo ka zauna."

Ya zaunar da shi, ya ɗaure masa ƙyalle, ya lafta masa kumfa har kunne, ya bar shi nan. Wa zai fita titi da wannan fuska?

Lokaci ya yi, muka ji wata murya can ƙasa, kamar daga cikin rijiya. Ni ke riƙe da waya, mahauci da tela na zaune a benci. Sanƙo ya dube ni ya ce, "Mai faci, jikin nan naka ba nama. Kama hannun mahauci."

Na kama. Murya ta ɗan taso. Mahauci ya kama tela, tela ya kama mai walda da kumfarsa, a haka har layin ya fita ƙofa, masu wucewa na tambaya ko lafiya, ana ce musu kawo hannu. Uwar Auta na tsaye a taga ta toshe baki da mayafi.

Sai ga muryar yarinyar nan tar, ta cika shago. Sanƙo ya manna kunne, yatsunsa na bin tasha a hankali. Ana tsaka da haka hancin tela ya yi ƙaiƙayi, ya saki hannu, murya ta nutse.

"Tela, ka ƙara saki, girarka zan aske."

Ya kama da sauri. Muka ji har ƙarshe, ta faɗi sunanta haɗe da na mahaifinta. Mai walda ya ce, "Wa ta ce ubanta?" Ashe duk mun manta Sanƙo na da suna. Muka yi dariya har hawaye, nasa hawayen dai ban ce na dariya ba ne.

Da muka tambaye shi me aka ce a labaran, bai sani ba. Ya ce shi Auta ya saurara.

Washegari ya sayo doguwar waya, wai zai ɗaura ta a bishiyar bayan shago a huta da riƙo. Ya ba ni ajiya har ya samu tsani. Tsani kuwa ga shi jingine a shagon mai walda, kullum yana kallonsa. Auta ma ta aiko masa da ƙaramin sabon rediyo mai kama tasha ba wahala, ya ba uwarta, ya ce muryar siririya ce, ba ta 'yarsa ba. Shekara da shekaru, bayan la'asar shagon cike yake da mutane hannu cikin hannu. In na tuna masa wayar sai ya ce, "Saurin me kake?"

Da ya kwanta ciwon ajali na je duba shi. Ya ce, "Mai faci, hannuwa sun yi ƙaranci. Ɗauki rediyon, ka ɗaura wayar nan."

Ga shi can a ɗakina. Auta na karantawa har yanzu, ni kaɗai kuma jikina ba ya jawo ta. Wayar na ƙarƙashin gado, yadda ya naɗe ta. Ajiye biron nan, je ki ce wa ɗan mai walda ya kawo tsani kafin la'asar.