Ƙasar Sawun Batulu

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar Batulu, kodayake sai da ta shekara biyu a kabari kafin labari ya iso ni. Ban ga jana'izarta ba, ban san inda aka binne ta ba. Ba matata ba ce, ba 'yar'uwata ba ce, shi ya sa ba wanda ya taɓa zuwa yi mini ta'aziyya. A iya sanina ni kaɗai na rage mai tuna ta a duk faɗin Kaduna, ga shi kuma na tsufa, sai na ga gara in rubuta a jarida.

Batulu 'yar Sudan ce. A ƙarshen zamanin Turawa aka ɗauko mahaifinta don ya riƙa jera baƙaƙen Larabci a wata maɗaba'a, ya kama haya a Kurmin Mashi, gida uku tsakaninsu da shagon babana. Babana tela ne, kuma shi ne ladanin masallacin unguwa. Ni a lokacin shekarata goma sha bakwai, ina taka keken ɗinki na biyu a shagon, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro allura.

Mahaifiyarta ta shekara shida a cikinmu, amma Hausarta ba ta wuce "sannu" da "madalla" ba. Don haka Batulu ce tafintan gidan, ita ce mai zuwa kasuwa, ita ce mai kawo ɗinki. 'Yan matan unguwa suna kiranta Balarabiya, in ta zo wajen gaɗa sai su buɗe mata fili cikin ladabi, amma ba wadda za ta ja hannunta ta shigo. Ta taɓa gaya mini cewa ranar sallah ce ta fi yi mata tsawo, domin kowa yana da gidan kaka da zai je, su kuwa sai su yi ado su zauna su kalli juna.

Soyayyarmu, in za a kira ta haka, a bakin ƙofar shago aka yi ta, da rana tsaka, babana yana taku biyar daga wurin. Rigar ƙaninta guda ɗaya na ɗinke ta ya fi sau goma. Duk bayan kwana uku sai ta dawo da ita, ta ce, "Malam Tela, ɗinkinka ya sake warwarewa." Ni kuwa ina ganin zaren na san reza aka sa masa. Ban taɓa tona ta ba, sai ma na koma yin ɗinkin sako-sako don kada ta wahala. Ina tsammanin babana ma ya gane, don ya kan ce, "Lawal, wannan riga ta fi ka zuwa shago."

Da ƙasarsu ta sami 'yancin kai, aka aiko wa mahaifinta ya koma gida. Saura kwana biyu su tashi ta zo ba riga a hannunta. Ta tsaya jikin ƙyaure, ta ce, "A garinmu in mutum zai yi tafiya, wanda yake son ya dawo ya kan ɗebi ƙasar sawunsa, ya ƙulle a ƙyalle ya ajiye. Da za mu taho nan kakata ce ta ɗebi namu, ga shi za mu koma mata. To a nan fa? Ba mu da kowa da zai ɗiba."

Na ce, "Ni zan ɗiba."

Ta ce, "Ka san abin da mutanenku suke cewa game da mai ɗibar ƙasar sawu?"

Na sani sarai. A wurinmu ba mai sunkuyawa kan sawun mutum sai mai shirin kai wa boka. Amma baki ba ya gajiya da alkawari a irin waɗannan shekarun, na ce su faɗi abin da za su faɗa. A ranar na yanki guntun farin yadi na ɗinka 'yar jaka, har da zaren zuƙewa.

Ranar tafiya muka raka su Kawo, inda babbar mota za ta ɗauke su zuwa Kano, daga can su kama hanyar gabas. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi. Rabin unguwa ya fito rakiya, liman yana nan, babana yana gefensa da carbi. Aka yi addu'a, aka yafi juna. Da aka ce mata su hau, Batulu ta tsaya kamar tsakuwa ta shige mata takalmi, ta cire shi, ta dafa ƙafarta ta dama a ƙasa, ta danna sosai. Sawun ya fito tsaf, har da yatsu biyar. Ba ta dube ni ba, ta mai da takalmi ta hau.

Taku uku ne tsakanina da wurin. Hannuna yana cikin aljihu, riƙe da jakar nan har ta jiƙe da gumi. Na dubi liman, na dubi babana, na ji a raina yadda za a wayi gari ana cewa ɗan ladan ya yi wa 'yar baƙi asiri a gaban jama'a. Na ce bari mota ta tashi. Mota ta tashi, na ce bari mutane su watse. Mutane ba su watse ba har babana ya dafa kafaɗata ya ce mu tafi, aiki yana jira. Na bi shi kamar rago. Da la'asar na dawo a guje, na tarar an sauke buhunan gyaɗa a wurin, ƙasa ta zama caɓi, sawu a kan sawu. Na daɗe tsaye, sannan na koma gida da jakata wayam.

Ban rubuta mata wasiƙa ba. Me zan ce? Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na gaji shago, na yi zaman lafiya da matata har Allah ya karɓi abarsa. Ba zan yi wa mai karatu ƙaryar cewa na rayu cikin kuka ba. Sai dai duk ranar da na raka wani tasha, na kan dawo gida ban da magana.

Wani lokaci na kan tambayi kaina me Batulu za ta ce in ta ga Kawo ta yau, da gada a sama da kwalta a ƙasa, ba inda ƙafa za ta bar alama. Jikata tana hira da mijinta da ke wata ƙasa, tana ganin fuskarsa a waya, har faɗa suke yi kan cefane. Ina taya su murna. Mu a zamaninmu in mota ta sha kwana, to ta sha, abin da ka yi a tasha shi ne maganarka ta ƙarshe.

Ƙaninta ne ya kawo mini labarin rasuwar. Ya zama likita, wani taro ya kawo shi Kaduna, ya yi ta tambaya har aka nuna masa shagona. Ya zauna kan benci, furfura ta cika masa kai, Hausarsa ta tsattsage. Ya ce ta yi aure, ta bar 'ya'ya biyar, kuma har ta rasu in tana girki ita kaɗai da Hausa take magana, don ba ta da abokin yi. Sannan ya ce, "Alhaji, kullum tana cewa za ta koma Kaduna ko ba daɗe ko ba jima, wai sawunta yana wurin wani tela. Ta ce ta san ba za ka iya ɗiba a gaban malamai ba, amma ta tabbata ka koma bayan an watse. Ta ce in Allah ya kai ni, in yi maka godiya."

Na buɗe baki in faɗa masa gaskiya. Abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya jiƙanta." Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya yi mini godiyar, na karɓa.

Ba ni da hotonta, ba ni da rubutun hannunta, fuskarta ma ta fara ɓace mini. Abin da ya rage mini na Batulu shi ne kyakkyawan zaton da ta yi mini shekara da shekaru, ta nema mini uzuri tun ban nema ba, ta mutu da shi. Ya fi ƙarfina, kuma na gaji da riƙe shi ni kaɗai. In akwai wani cikin 'ya'yanta da ta koya wa Hausa, kuma wannan jarida ta faɗa hannunsa, to ya sani mahaifiyarsa ta cika nata, ta cire takalmi a gaban liman. Ni ne ban sunkuya ba. Allah ya haskaka kabarinta, ni kuma ya yafe mini godiyar da na karɓa.