Furen da Yaya ta kawo daga Gummi

Yayata ce 'yar farin Inna, shi ya sa tun tasowata ban taɓa jin Inna ta kama sunanta ba. "Waccan yarinyar" take cewa, har bayan an kai ta ɗakin miji a Gummi. Da cikinta ya tsufa ta dawo gida Anka don ta haihu, ta shigo riƙe da gwangwanin madara, a cikinsa wata 'yar ciyawa dangin halshen saniya, sai dai ganyenta sirara ne, cike da ruwa. Ta caccaka ta a gindin katanga, inda rana ke yini, wurin da ko kaji ba sa tsayawa. Inna ta ce aikin banza ne, abin da ba a miya da shi.

Yaya ba ta tashi daga haihuwar nan ba, ita da jaririn. Maza suka ɗauke su, mu muka tsaya a tsakar gida, don mata ba sa zuwa maƙabarta. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Kunyar ɗan fari ba ta sakin uwa ko ranar mutuwa.

Ciyawar kuwa ta kama, ta bi ƙasa ta shimfiɗu kamar tabarma. Da hantsi furanninta jajaye su buɗe, kafin azahar su rufe. A daidai lokacin nan kullum Inna ke jawo kujerarta can, wai tsintar shinkafa take yi. Duk mun san ba shinkafa ta kai ta ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne ba ta ba ta ruwa, sai ɗan ragowar buta jefi-jefi. Ni a ganina rowa ce.

A bazara ta biyu aka aiko kakarmu ba lafiya a Adabka. Mai babur na jira a ƙofar gida, Inna ta nuna katanga da haɓa, ta ce in kula mata da abin can.

Ni kuma ba na yin abu rabi, halina ne har gobe. Rijiyarmu ta ja baya, amma sai in bi layin famfo in ɗebo, bokiti guda da safe, guda da yamma. Na jingina zana na tare mata rana, na barbaɗa mata kashin awaki. Bayan mako biyu ganyen ya fara rawaya. Na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa. Wallahi da zuciya ɗaya na kashe ta. Baba yana can wajen sharar gona, bai lura ba sai da wurin ya koma caɓi mai wari.

Ranar da Inna ta dawo ko mayafi ba ta cire ba. Ta tsuguna, ta ɗaga wani reshe, ya narke a hannunta.

"Mi kinka yi mata?"

"Ruwa na ba ta, Inna."

"Ba ta son ruwa," ta ce, ta shige ɗaki.

Da dukana ta yi da ya fi mini sauƙi. Kwana biyu tuwo na dawowa yadda na kai shi. Na ce a aika Gummi a tsinko wata, ta ce ta Gummi ba hannun yarinyar ya dasa ta ba. A nan na gane girman abin da na yi, na ji tsoro ƙwarai, don na ga Inna ta fara makokin da ta haɗiye shekara biyu.

A rana ta uku Baba ya fita da sassafe, bai ɗauki fartanya ba. Da hantsi ya dawo da hularsa a hannu, a ciki ciyawar ce shar, har da fure biyu a buɗe, da dunƙulen jar ƙasa a saiwarta. Ya tsaya a bakin ɗakin Inna. Ta tambaye shi inda ya samo.

Baba ba mai yawan magana ba ne. Ya ce bayan sadakar bakwai ya tsinki reshe biyu daga gindin katanga, ya kai maƙabarta ya soka a wajen kan Yaya, don kada damina ta baje ƙasa wurin ya ɓace masa.

"Yanzu ta rufe kabarin duka," ya ce. "Babu mai ba ta ruwa can sai Allah."

Na miƙa hannu in kakkaɓe saiwar in dasa, don in gyara ɓarnata. Inna ta cafke wuyan hannuna.

"Bar ƙasar."

Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗora a cinyarta, tana shafa jar ƙasar da babban yatsa. Sannan, a gaban Baba, a gabana, ta kira Yaya da sunanta.