Malam Uwais, Mai Lanƙwasa Gilashi

Bari in fara da tona wa kaina asiri: shekara ashirin ina gaisawa da mutumin nan a Gaya, ban san sunansa ba. "Mai roba" nake ce masa, shi kuma yana amsawa, don ya fi ni tarbiyya. Sunansa Malam Uwais.

Kullum da hantsi yake isowa daga Toranke a kan babur, ya share rumfarsa, ya hura gawayi. Aikinsa gasa farar robar nan mai kama da gilashi, ya lanƙwasa ta, ya yi wa adaidaita sahu da babura gilashin gaba. Direbobi sun shaida cewa ta cikin nasa kaɗai ake hango rami a inda ramin yake.

Bara hannunsa ya soma rawa, ya ce zai ajiye aiki. Sai ga Yusuf makanike, wanda ya shekara shida yana ƙera ƙaramin jirgin sama a tsakar gidansa, mu kuma muna ta yi masa addu'ar samun sauƙi. Rufin da ke kife kan mazaunin matuƙi ya rage masa. Falle biyu na robar ya samo daga Kano, ya riga ya ƙona ɗaya da kansa.

"Baba, in wannan ta lalace, na haƙura da jirgin," in ji shi.

"Da ka haƙura tun farko, ai da mun huta," in ji Malam Uwais. Amma ya karɓa.

Ya sa Hanne maginiyar tukwane ta gina masa siffar rufin da yumɓu, kamar ƙaton tulu da aka tsaga biyu, ya lulluɓe ta da bargo mai laushi. Gawayinsa ba zai gasa falle mai wannan girma ba, sai ya roƙi tanderun gidan burodi bayan an kwashe na safe. Ya ce in zafi ya yi yawa robar za ta yi ƙuraje, in ya yi kaɗan ta tsage. Ba shi da ma'aunin zafi. Garin fulawa yake watsawa a ciki, yana kallon yadda yake sauya launi. Mun fi awa muna jira.

Mutum huɗu ake bukata, kowa da kusurwarsa. Aka rasa na huɗu, aka duba, sai ni.

"Malam, kai riƙewa kawai za ka yi," Malam Uwais ya ce da ni. "Shawarar ka bar ta sai an gama."

Da aka zaro ta, robar nan mai taurin kai ta yi laushi kamar fatar da aka jeme. Kafin minti guda za ta sandare. Muka ɗora ta kan yumɓun.

"Yusuf, ja! A hankali, ba akuya ba ce! Malam, buɗe idonka!"

Na buɗe. Malam Uwais, kai ne na gani kana bin ta da tafin hannu cikin tsumma, daga tsakiya zuwa gefe, kuma hannun nan da ba ya iya riƙe kofin shayi bai yi rawa ko sau ɗaya ba. Na Toranke, mai lallashin abin da ke karyewa! Har yau ban san a ina ka ajiye rawar ba.

Da ta huce, Malam Uwais ya ɗaga ta ya duba wayar lantarkin da ke kan titi ta cikinta. Wayar ta fito a miƙe sak, daga wannan turke zuwa wancan. Yusuf ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hularsa. Malam Uwais ya ce, "To, alhamdu lillahi," ya tambaya ko akwai sauran burodi. Bai sake hura gawayi ba tun ranar.

Mun gode, Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka huta da daɗi. Masu sana'a, ku je Toranke ku tambaye shi tun yana da bakin faɗa, kada ku yi irin tawa.

An ɗaura rufin, ya zauna daram. Jirgin dai yana nan a tsakar gidan Yusuf, don ya fi ƙofar zaure faɗi.